Tambayoyi da amsoshi kan falon alfarma na filin jirgi da ake shiga da katin bashi

Wanda ya taɓa yada zango na awa bakwai a filin jirgin sama ya san cewa zama ma aiki ne. Kujerar ƙarfe, soket ɗaya mutum goma na jira, ruwan roba ɗaya da kuɗin abincin rana. Sai ka hangi wata ƙofar gilashi, mutane na nuna kati ana musu murmushi suna shigewa. Abokai da 'yan uwa sun sha tambayata labarin wannan ƙofa, musamman waɗanda suka koma Amurka ko Ingila da zama, banki ya fara yi musu tallar katinsa. Ga tambayoyin da suka fi yawa, da abin da na sani a kansu.

Wai mene ne wannan falo, kuma na wane ne?

Wuri ne da aka keɓe a cikin filin jirgi, galibi bayan an wuce wurin bincike, inda matafiyi zai zauna ya ci ya sha ya yi cajin waya kafin lokacin jirginsa. Asalinsa na kamfanonin jirage ne. Kamfanin American Airlines ya buɗe nasa a filin jirgin LaGuardia na birnin New York a 1939, kuma a lokacin sai wanda aka gayyata yake shiga.

Bankuna sun shigo harkar daga baya. American Express ya buɗe falonsa na farko mai suna Centurion Lounge a Las Vegas a 2013. Capital One ya biyo baya da nasa a filin jirgin Dallas a ƙarshen 2021, sai bankin Chase da ya fara a Hong Kong a 2022, ya buɗe na Boston a 2023. Waɗannan faluka ba ruwansu da kamfanin jirgin da ka hau ko irin tikitin da ka saya. Ko kujerarka ita ce ta ƙarshe kusa da bayan gida, in katin yana hannunka za ka shiga.

Wane kati ne yake buɗe ƙofar?

Ba kowane kati ba. Katin ATM da muka saba da shi a gida, wanda kake cirar kuɗinka da ke asusu, dabam yake da katin bashi. Shi katin bashi banki ne yake biya maka, kai kuma ka biya shi a ƙarshen wata. A cikin katunan bashin ma, masu tsadar ne suke zuwa da falo.

A Amurka guda uku suka fi suna: Platinum na American Express, Sapphire Reserve na Chase, da Venture X na Capital One. Kowanne yana shigar da kai falon bankinsa. Mai riƙe da Venture X ba zai shiga Centurion ba ko da zai kwana yana roƙo.

To shi Priority Pass da nake ji fa?

Nan mutane suka fi rikicewa. Priority Pass ba banki ba ne, kuma yawancin falukan da ake shiga da shi ba nasa ba ne. Dillali ne. Kamfanin Collinson na Birtaniya ne ya mallake shi, an kafa shi a 1992, kuma ya ƙulla yarjejeniya da faluka sama da 1,300 a faɗin duniya cewa duk wanda ya zo da katinsa a bar shi ya shiga, shi zai biya. Su bankuna sai su sayi wannan rajista su haɗa wa masu katinsu.

Ga mai tafiya tsakanin Afirka da Turai ko ƙasashen Larabawa, wannan ya fi falon bankin kansa amfani, domin falukan bankunan yawancinsu a Amurka suke. A Legas, Abuja, Akara, Doha, Dubai da Santambul akwai falon da ke karɓar Priority Pass. Akwai kuma makamantansa, LoungeKey da DragonPass, waɗanda sukan zo da manyan katunan Visa da Mastercard, har da waɗanda wasu bankunan Najeriya ke bai wa manyan abokan hulɗarsu. In kana da irin wannan kati, tambayi bankinka. Na san mutumin da ya shekara biyu da shi a aljihu bai san yana da wannan dama ba.

Sai dai ka kula: mallakar katin banki bai isa ba. A katin American Express, alal misali, sai ka shiga shafinsu ka yi rajistar Priority Pass da kanka, sannan a ba ka lambar mamba. In ka je ƙofar falo ka miƙa katin banki kawai, za a dawo maka da abinka cikin ladabi.

Da gaske komai kyauta ne a ciki?

Kyauta ce irin wadda ka riga ka biya. Kuɗin shekara na Platinum a Amurka dala 695 ne tun 2021, aka mayar da shi dala 895 a 2025. Sapphire Reserve ya fara da dala 450 lokacin da ya fito a 2016, ya koma 550, sannan 795 a 2025. Venture X dala 395. Wannan kuɗi za a caje ka ko ka yi tafiya ko ba ka yi ba.

Yi lissafin da kanka. In sau huɗu kake shiga falo a shekara da katin dala 895, kowane zama ya tashi maka sama da dala 220. Ba shinkafar da ta kai haka. In kuwa sau talatin kake shiga, zama ɗaya bai kai dala 30 ba, wanda ko abinci ka saya a shagunan filin jirgi kusan hakan za ka kashe. Gaskiya ne katunan suna zuwa da wasu rangwame, na otal, na mota, na abinci, da maki da ake canzawa zuwa tikiti. Amma rangwamen da ya sa ka sayi abin da da ma ba za ka saya ba, ba riba ba ce. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Ra'ayina shi ne wanda yake zuwa gida sau ɗaya a shekara don sallah ko biki, kada ya karɓi irin wannan kati saboda falo. Ya biya kuɗin shiga a ranar da yake buƙata, ya huta.

Ana iya shiga ba tare da katin bashi ba ke nan?

Sosai. Faluka da yawa masu zaman kansu, irin na Plaza Premium ko Marhaba a Dubai, suna karɓar kuɗi a ƙofa ko ta intanet kafin ka zo. Priority Pass ma kowa zai iya sayen rajistarsa kai tsaye. Wasu falukan bankunan ne, kamar Centurion, ba sa sayar da shiga ga wanda ba shi da katinsu.

Me zan nuna a ƙofa?

Abu uku: katin, ko lambarsa a manhajar waya; katin shiga jirgi na ranar; da fasfo ko wata shaidar gwamnati mai hotonka. Sunan da ke kan ukun dole ya zama ɗaya. Ba a aron kati. Ko na mahaifinka ne, in sunansa ne a jiki, sai yana wurin.

Tun yaushe zan iya shiga? Ni mai sammako ne.

Centurion ba ya karɓar mutum sai saura awa uku jirginsa ya tashi, tun 2019 aka sa wannan doka. Wanda ya sauka daga wani jirgi yana jiran na biyu ana yi masa sassauci, amma wanda ya iso inda za shi, tafiyarsa ta ƙare, ba a barinsa ya shiga. Falukan Priority Pass kowanne da dokarsa, da yawa suna iyakance zama zuwa awa uku ko huɗu. Wasu ba sa lura, wasu kuma za su zo su tuna maka.

Sannan ba duka ne suke kwana a buɗe ba. Jirgin ƙarfe shida na asuba sau da yawa yakan riga falo tashi.

Zan iya shiga da iyalina?

Wannan tambaya ita ta fi shafarmu, domin mu ba kasafai muke tafiya mu kaɗai ba. Da can mai katin Platinum yana shiga Centurion da baƙi biyu kyauta. Daga 1 ga Fabrairun 2023 aka canza: a katin Amurka, kowane babba dala 50, yaro daga shekara 2 zuwa 17 dala 30, wanda bai kai shekara biyu ba kyauta. Sai wanda ya kashe dala 75,000 da katin a cikin shekara ne ake bar wa baƙi biyu kyauta.

Ka ɗauka kai da maiɗakinka da yara uku: dala 140 kafin kowa ya kurɓi shayi. Da wannan kuɗi za ku ci abinci mai kyau a waje har da canji.

A Priority Pass kuwa, yawan baƙin ya danganta da bankin da ya ba ka rajistar. Wasu biyu, wasu ko ɗaya babu. Abin da ke cutar mutane shi ne ba a karɓar kuɗin baƙo a ƙofa. Za a ƙirga ku, a goga kati, a ce bismillah. Sai bayan makonni ka ga caji a takardar banki. Ya taɓa faruwa da ni. Na haɗu da wasu dattawa biyu 'yan garinmu a hanyar dawowa, kunya ta hana in wuce in bar su a kan kujerar ƙarfe, na ce Baba ku taso mu shiga. Mun sha hira, sun sa mini albarka, kuma ban yi da-na-sani ba. Amma da na ga takardar ƙarshen wata na gane cewa baƙo ɗaya kawai katin ya yarda da shi.

Abincin halal ne?

A Doha, Dubai, Jidda, Santambul da Alƙahira hankalinka kwance game da nama. A Amurka da Turai kuwa sai ka buɗe ido. Karin kumallonsu ba ya rabuwa da naman alade, wani a fili, wani a ɓoye cikin ƙwai ko wake ko miya. Akwai kuma girkin da ake zuba wa giya, musamman miyar nama da wasu kayan zaƙi. Yawanci akan ajiye ƙaramin kati a gaban kowane kwano da sunan abincin da abin da ke ciki. Karanta. In ba ka gamsu ba tambayi ma'aikatan, ba abin kunya ba ne, sun saba da masu tambaya saboda addini ko rashin lafiya.

Ni dai a can kifi, ƙwai dafaffe, ganye, burodi da 'ya'yan itace nake bi. Kuma ka lura da cokalin ɗiba, wani yakan ɗauke shi daga kwano zuwa kwano.

Sai maganar giya. A falukan Amurka mashaya ce tsakiyar wurin, ita suke alfahari da ita, kuma wani kaso na kuɗin shekarar nan da kake biya a kanta yake tafiya. Wanda ba ya sha, ya sani cewa yana taya wasu biya ne. Wannan ma dalili ne da ya sa lissafin katin bai cika fitowa ga irinmu ba kamar yadda yake fitowa ga Bature. Wurin zama nesa da mashayar dai ba ya wuya, kuma akwai shayi, kofi da lemo iri-iri.

Akwai wurin sallah?

A ƙasashen Musulmi, in babu a cikin falon to akwai masallaci kusa. A Landan, filin jirgin Heathrow yana da ɗakunan ibada na kowa da kowa a tashoshinsa, amma a wajen falo suke. A falukan Amurka kada ka sa rai. Abin da nake yi shi ne in tambayi mai karɓar baƙi ko akwai lungu ko ƙaramin ɗakin waya da ba kowa, in shimfiɗa dardumata. Ban taɓa samun wanda ya hana ba. Alwala ta fi sauƙi a bayan gidan falo saboda tsafta da ƙarancin mutane, sai dai ka goge ruwan da ya zuba a ƙasa, don na bayanka da kuma mutuncinmu.

An ce har wanka ake yi?

A wasu, eh, kuma a wurina wannan ya fi abincin daraja. Bayan awa goma a sama, ruwan zafi da tawul mai tsafta sun fi kowace kujera. Ɗakunan wankan kaɗan ne, don haka da ka shiga ka rubuta sunanka kafin ka nemi abinci. Wasu falukan Priority Pass suna cajin wanka dabam, tambaya tukuna.

Masu zuwa Umara ta Alƙahira ko Dubai ko Adis Ababa su ne suka fi morewa. Tunda jirgin Jidda a sama yake ratsa miƙati, mutum zai iya yin wankansa ya ɗaura haraminsa a falo cikin natsuwa, maimakon kokawa da zani a bayan gidan jirgi da ko juyawa ba a iya yi.

Ya batun riba? Ina jin tsoron katin bashi.

Tsoronka yana kan hanya. Tsarin katin shi ne in ka biya duk abin da ka kashe kafin ranar da aka yanka maka, ba a ɗora maka ruwa. In ka bar saura, ruwan katin bashi a Amurka ya haura kashi 20 cikin 100 a shekara. Malamai sun yi saɓani. Wasu sun ce sa hannu a yarjejeniyar da ke da sharaɗin riba ya haramta ko da ba ka taɓa biyan ta ba. Wasu sun yi sassauci ga wanda yake zaune inda rayuwa ba ta tafiya sai da katin, muddin ya tabbata zai biya a kan lokaci. Ni ba malami ba ne, ka kai wa malaminka maganar. Abin da zan ƙara kawai, lalurar da masu sassauci suke magana a kanta, da wuya a ce kujera mai taushi a filin jirgi tana cikinta.

Ina zaune a Kano ko Maraɗi, zan iya samun katin Amurka?

Da wuya. Bankunan can suna neman adireshin Amurka, lambar shaidar haraji ko ta zaman ƙasa, da tarihin yadda ka saba biyan bashi a ƙasar. Masu cewa a intanet ka turo kuɗi su buɗe maka, ka yi nesa da su. Hanyarka ita ce babban katin bankin gida in yana da falo a ciki, ko sayen Priority Pass, ko biya a ƙofa.

Me ya sa na ga layi a ƙofar falon? Ba don gudun layi aka yi shi ba?

Haka ne, kuma abin dariyar ke nan. Bankuna sun raba katunan da yawa, bayan annobar korona tafiye-tafiye suka dawo da ƙarfi, sai faluka suka cika. Duk dokokin nan na awa uku da cajin baƙi daga cunkoso suka samo asali. Kamfanin jirgin Delta ma, wanda mai Platinum yake iya shiga falonsa in jirgin Delta zai hau, ya iyakance shi zuwa sau goma a shekara daga Fabrairun 2025, sai ga wanda ya kashe dala 75,000 ɗin nan.

Manhajar American Express tana bari ka shiga jerin masu jira tun kana hanya, a turo maka saƙo in wuri ya samu. Mai Priority Pass kuwa shi ne na ƙarshe a daraja. In falon ya cika da fasinjojin kamfanonin jirage, za ka tarar da allo a ƙofa cewa ba a karɓar masu katin yanzu, kuma ba inda za ka kai ƙara, domin yarjejeniyar ta ce sai in da wuri. In layin ya wuce minti ashirin ni juyawa nake yi. Ƙofar jirgin da ba kowa, can ƙarshen tasha, sau da yawa ta fi falon da ya cika shiru.

Filin jirgin yana da falo, amma ban gan shi ba. Me ya faru?

Wataƙila ba a tasharku yake ba. Manyan filayen jirgi tashoshi ne dabam-dabam, kuma a wasu ba a ratsawa daga wannan zuwa waccan bayan an wuce bincike. Centurion na Heathrow, da aka buɗe a 2021, a Tasha ta 3 yake. Mai hawa Virgin Atlantic zuwa Legas daga nan yake tashi, ya dace. Mai hawa British Airways zuwa Abuja kuwa daga Tasha ta 5 yake tashi, wannan falo ba nasa ba ne a ranar. Centurion na filin jirgin JFK a New York kuma a Tasha ta 4 yake. Duba manhajar tun kana gida: wace tasha, kusa da wace ƙofa, ƙarfe nawa ake buɗewa.

Akwai wasu tufafi na musamman da ake so a sa?

A yawancinsu babu. Babbar riga, jallabiya, abaya, kayan motsa jiki, duk na gani a ciki. Abin da ba a so shi ne surutu. Kiran bidiyo da murya a buɗe, ana gaisawa da mutanen gida ɗaya bayan ɗaya har da kaka, sai a sa abin kunne ko a nemi lungu. Kada a miƙe a doguwar kujera a yi barci alhali wasu na tsaye.

Zan iya ɗibar abinci in tafi da shi cikin jirgi?

A yawancinsu doka ta hana. Tuffa ɗaya ko ayaba ba mai kulawa, amma cika leda abin kunya ne kuma za a yi maka magana. Falukan Capital One ne suka bambanta, su da kansu suke jera abinci a ƙunshe don mai sauri ya ɗauka ya wuce.

Ana ba ma'aikata wani abu?

A Amurka al'ada ce a ajiye dala ɗaya ko biyu ga wanda ya haɗa maka abin sha ko ya kawo maka abinci har kujera. Ba dole ba ne. A Turai da ƙasashen Larabawa ba a sa rai.

Za a kira ni in lokacin jirgina ya yi?

Kada ka dogara da haka. Falon kamfanin jirgi yakan sanar da jiragensa, amma na banki da na Priority Pass fasinjojin kamfanoni ashirin ne a ciki, yawanci allo kawai suke sakawa a bango. Shirun da ka shiga nema shi ne zai iya sa ka makara. Na taɓa yin wanka, na ci na ƙoshi, na ce bari in ɗan rufe ido minti goma. Da na farka allon yana nuna kira na ƙarshe, ƙofar jirgina kuma sai an hau ƙaramin jirgin ƙasa na cikin filin kafin a kai gare ta. Na isa da takalmi ɗaya ba a ɗaure ba, ni ne na ƙarshe da aka rufe ƙofa a bayansa.

Tun daga ranar, da na zauna nake tambayar mai karɓar baƙi minti nawa ne daga nan zuwa ƙofata, in ƙara goma a kai, in saita ƙararrawar waya da lokacin fara shiga jirgi, ba lokacin tashinsa ba. Jiragen ƙasa da ƙasa sukan rufe ƙofa minti goma sha biyar zuwa ashirin kafin tashi, wasu kuma, musamman masu zuwa Amurka, sai an sake duba fasfo da jaka a bakin ƙofar.